Yadda Za Ka Kai Saƙo Ruga Ba Tare da Ka Ɓata wa Na'ura Rai Ba

Kai da Kamfanin Tsattsewa ya ɗauka wakili, ko kake bin ƙafa a ɗauke ka, matso kusa ka ji. Sunana Mamuda, wakilinsu na Bukkuyum, kuma duk ƙasar da ke tsakanin Anka da Gummi a wuyana take shekara biyar ke nan. Aji uku na yi a firamare anka kore ni, amma na yi karen mota, na yi dillancin gyaɗa a Gusau, na sha ruwan garuruwan da malamin makaranta bai taɓa jin sunansu ba. Na yi maka alkawari: in ka bi matakan ga ɗaya bayan ɗaya, saƙo zai isa hannun mai shi, na'ura ba za ta yi fushi ba, manya kuma a Kaduna za su yaba wa kansu. Ukun nan babu shakka a cikinsu. Kai kaɗai ne ban yi wa alkawarin komai ba.

Da yake karatu ba ya zama sai da misali, zan riƙa jawo maka ƙunshi guda, wanda ya zo mini da daminar tamanin da biyu. Daga Ikko ya fito. Mai aikawa Gidaɗo, mai karɓa Hamsatu ta rugar Arɗo Labbo, kan hanyar Gwashi. Takardar jikinsa ta ce kaset ɗaya ne da mayafi ɗaya. Gidaɗon nan ɗan farin Hamsatu ne. Ya bi motar shanu zuwa kudu, anka ce motar ta kife a Jebba, shekara huɗu babu gawa babu labari. Za ka ce ai ga sunansa a takarda, yana da rai ke nan. To, takardar kamfanin ce dai ta ce akwai wutar lantarki a Bukkuyum. Abin da ke cikin ƙunshin shi kaɗai ne shaida. Dokar kamfani kuma ta ce kayan da ba a karɓa ba cikin kwana goma sha huɗu a mayar da shi Kaduna, wani ɗakin ajiya da ban taɓa jin abu ya shiga ya fito ba. Riƙe wannan a ranka, mu fara.

Mataki na ɗaya: Duk abin da anka aiko maka, karɓa da hannu biyu

Ranar da ka kama aiki za a sauke maka kaya biyar: sikeli, babur, littafin da in ka rubuta shafi ɗaya ya fito a biyar, hatimin agogo mai buga awa da minti a jikin takarda, sai wayar iska, wadda mutanenmu ke kira oba-oba, don kowa ya gama magana a cikinta sai ya ce "oba". Sa hannu. Kada ka tambayi komai.

Hatimin agogo da lantarki yake aiki. Kada ka rubuta wa Kaduna cewa ba ku da wuta. Wanda ya riga ni ya rubuta, anka aiko masa hatimi na biyu, don sun ɗauka na farkon ne ya lalace. Ɗora shi kan tebur inda kowa zai gani, ka riƙa goge shi da safe. Yana da nauyi, yana danne takardu in hadari ya taso. Awa da minti kuwa rubuta da biro: in ladan ya kira azahar, sa ƙarfe biyu daidai. Tun da na fara aiki agogona bai taɓa saɓa wa masallaci ba.

Littafin nan ka danne biro da ƙarfi. Farar takarda ta Kaduna ce, shuɗiya ta Gusau, ɗorawa ta direba, ja ta mai kaya. Ta biyar taka ce, ba abin da ke fitowa a jikinta, shi ya sa anka bar maka.

Sikeli na awon ƙunshi ne, amma ƙunshi uku ko huɗu kake gani a mako, jarirai kuwa kullum haihuwarsu ake yi. Bar mata su riƙa auna 'ya'yansu. Ta haka za ka san wa ya haihu, wa ya ƙaura, wace ruga ta tashi. Masu hikima sun ce injin da bai yi aikinsa ba ya yi na maƙwabcinsa. Kada ka wahalar da kanka neman masu hikimar, ni ne.

Mataki na biyu: Ka san wa ke mulki

Ba manaja ke mulkin kamfanin ga ba. A Kaduna akwai wata na'ura mai ƙwaƙwalwa, girmanta ya kai rumbu biyu, tana da ɗakinta mai sanyi ita kaɗai, ana tuɓe takalmi kafin a shiga. Ban taɓa ganin ta ba, amma na san halinta kamar gida ɗaya munka tashi. Kowane ƙunshi ita ke ba shi lamba, ita ke zaɓa masa hanya, ita ke ƙirga masa kwanaki. Ba ta cin goro, ba ta da ƙanin uba da za ka bi ta hannunsa, ba ta zuwa ta'aziyya balle ka tare ta a can.

Babban abin da za ka sani game da ita shi ne ba ta san ruwa ba. Ƙunshin Hamsatu ya taso daga Ikko a jirgin sama, wuni ɗaya yana Kaduna. Nan na'ura ta buga masa hatimi ta fara ƙirge. Kwana ɗaya a mota yana Gusau, kwana ɗaya yana Anka. Sai gulbi ya cika ya shanye mashigi, motar Namadi, direban da ke ɗauko mana kaya, ta zauna bakin gaɓa kwana tara, shi da fasinjansa suna ta cin gasasshiyar masara. Duk safiya Gusau na tambayata ta oba-oba, "Lamba kaza ta iso? Oba." Ina cewa, "Tana kan hanya, oba." Ban yi ƙarya ba. Ranar da ƙunshin ya shigo hannuna saura kwana uku.

Kada ka ɓata yawunka wajen yi wa na'ura bayanin gulbi. A taswirarta shuɗin zare ne, kuma ba ta ga dalilin da zare zai tsayar da mota ba.

Mataki na uku: Yi wa kowa titi

Na'ura ba ta karɓar adireshi sai da sunan titi da lambar gida. Kayan ƙauye sukan zo da gurbin a buɗe, an rubuta da jan biro wai wakili ya cike. In ka rubuta gaskiya, ka ce "rugar Arɗo Labbo, ka wuce tsamiya biyu ka saki hanya ka bi kashin shanu", za ta tofo maka takardarka. Don haka yi abin da ya gagari masu mulki: yi wa talakawa tituna. Biro kawai ake buƙata. Rugar Arɗo Labbo ta zama Lamba Huɗu, Titin Tsamiya. Gidan Malam Wali na Zugu, Lamba Ɗaya, Layin Tawada. A Sunke na shimfiɗa tituna shida a wuni ɗaya, har da shataletale.

In Fulani sun tashi da rani sun yi kudu, kada ka damu. Titi ya bi su. Ai nasu ne.

Sai dai ka yi hattara, kada santsin biro ya ja ka. Ni ya ja ni. Na'ura ta tara duk abin da nake aika mata, ta gano cewa Gwashi ta fi Gusau yawan tituna, manya sunka fara shawarar buɗe babban reshe a can.

Mataki na huɗu: Aika da baki, rubuta babur

Baburin kamfani na kwalta ne, in ya ga taɓo sai ya durƙusa kamar raƙumi mai gardama. Ko ya kai ka ma, ba ka da ikon miƙa kaya a ruga. Doka ta ce mai karɓa ya zo ofis, ya tsaya gaban oba-oba, ya faɗi sunan mai aikawa da bakinsa, Gusau ta ji ta rubuta, sannan ya dangwala yatsa. An ce ɓarayin Ikko ne sunka jawo dokar. Kamfanin kai saƙo ke nan, kai za ka kai kanka wurin saƙo.

To, yaya za ka sanar da mutum? Masu tallan nono. Ba a ƙera wayar da ta kai su ba. Ba batir, ba tari irin na oba-oba, kuma labari na isa har da gyara. Faɗa wa ɗaya da hantsi, kafin shanu su dawo kiwo ruga huɗu sun ji. A littafi sai ka rubuta, "An je da babur, mil goma sha tara."

Ni a cikinsu na tare Zinariya, ƙanwar Hamsatu, mace mai baki kamar reza. Na ce, "Ki ce ma Inna Hamsatu an aiko mata kaya daga Ikko. Ta zo ran kasuwa, ita ce rana ta ƙarshe. In motar Namadi ta tashi da la'asar, da kayan za ta tashi."

Ta sauke ƙwaryarta. "Kaɗo, wa ya aiko?"

Na faɗa mata. Ta zauna nan inda take tsaye, cikin taɓo. Ta daɗe a haka. Sai ta miƙe ta kakkaɓe zane ta ce, "In ƙarya kaka yi, Mamuda, Allah shi sa akwatin ga naka mai tari shi faɗo ma ga ƙafa."

Washegari ta dawo da amsar yayarta. "Adda ta ce ba ta da kowa Ikko."

"To ba ta zuwa ke nan?"

"Ta ce nono ya yi yawa gida, dole ta zaka kasuwa." Ta dube ni a kaikaice. "Shanunmu biyu ka tatsuwa, Kaɗo."

In kai baƙo ne a ƙasar nan, bari in sanar da kai abin da kowane jaririn da na auna ya sani. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta tambayar lafiyarsa gaban mutane, ba ta nuna ta san yana duniya. Mu Hausawa muna yi, Fulani kuwa sun ninka mu. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma ko wuƙa ka sa mata a wuya ba za ta ƙetare ba. Maganin wannan a wurin wakili mai hankali shi ne aron murya: tsayar da ƙanwa gaban oba-oba ta faɗi suna, uwa ta dangwala yatsa. Gusau kunne gare ta, ba ta da ido. Na yi haka ya fi sau goma, ba wanda ya yi ko ciwon kai.

Mataki na biyar: In sufeto ya zo, rage baki

Wannan matakin ni ban bi shi ba, shi ya sa na san amfaninsa.

Ran kasuwa da hantsi sai ga mota mai hoton tsattsewa a ƙofa. Wani saurayi ya fito, Bazazzagi, sunansa Muntari, karin gugar wandonsa sai ya yanka mutum, biro uku a aljihu. An aiko shi ya ga titunan Gwashi da idonsa.

"Baba, ta ina ake bi zuwa Titin Tsamiya?"

Koyi nuni da yatsa. Miƙa hannu can nesa inda hadari ya haɗu, ka ce, "Can, ranka shi daɗe. Sai dai ruwa ya shanye kwaltar bana." Ba shi kujera, ka karɓo masa shayi wurin Lado mai tebur, ka nuna masa yadda hatimin agogo ke ƙyalli. Har nan babu kuskure.

Ga inda na yi wauta. Hamsatu ta riga ta iso tun rana ba ta yi zafi ba. Ta ajiye ƙwaryarta a bakin ƙofar ofis, ta ba mu baya, kamar inuwa ce kawai ta kawo ta. Doguwar tsohuwa, siririya, ko gaishe ni ba ta yi ba. Ni kuma don in burge yaro sai na ce, "Kai da ke neman Titin Tsamiya, ga mai Lamba Huɗu nan da kanta. Kayanta ne wancan kan tebur."

Ya yi murna. "Madalla! Yau sai in ga yadda ake miƙa kaya a karkara." Ya zaro biro ɗaya daga cikin ukun. Zinariya, da ke tsugune gefen yayarta, ta yi mini harara wadda har yau in na tuna sai wuyana ya yi ƙaiƙayi. Aron murya ya mutu ke nan, kuma da bakina na kashe shi.

Mataki na shida: Kada ka tsaya tsakanin tsohuwa da oba-oba

Haɗa wayar da batirin mota, ka jira ta gama tari, ka danne maɓalli ka ce, "Bukkuyum ke kira, oba." Muddin yatsanka na kan maɓallin nan, duk abin da anka faɗa a ɗakin Gusau na ji.

Na roƙi Hamsatu ta shigo. Ta shigo a hankali kamar mai shiga gidan rasuwa. Ba ta dubi ƙunshin ba, ko da yake yana gabanta, amma na ga yatsunta na murza bakin zane.

Gusau ta ce, "Mai karɓa ta faɗi sunan mai aikawa, oba."

Na danne. Hamsatu ta kau da kai.

Muntari ya rage murya. "Inna, suna kawai za ki faɗa. Wa kike da shi a Ikko?"

"Ba ni da kowa Ikko."

Na saki maɓalli kamar na taɓa garwashi, amma bakin alƙalami ya bushe. Gusau ta ce, "An ji. Mai karɓa ba ta san mai aikawa ba. An rubuta. A mayar da kaya a motar yau, oba."

Zinariya ta faɗo ɗakin ta ture ni, ta danne da kanta. "Ke akwati! Ni in hwaɗa miki! Gidaɗo na, ɗan Addata! Mi kika so kuma?"

"Wace ce ke magana? Oba."

"Wadda ta yi goyonai!"

"Babu gurbin mai goyo a takarda, oba."

Hamsatu ta juya ta fita, ta koma kan ƙwaryarta, ta sake ba mu baya.

Na ja Muntari gefe na fara masa wa'azi kan ɗan fari. Ya tare ni. "Baba, ni ma ɗan fari ne. Shekarata ashirin da bakwai, mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. Ranar da zan tafi makarantar kwana ɗaki ta shiga ta rufe. Ni na sani. Takarda ce ba ta sani ba, kuma Gusau ta riga ta rubuta. In na miƙa kayan nan yanzu, ni da kai ɓarayi ne."

Ladan ya kira azahar. Namadi ya leƙo da igiya a hannu. "Mamuda, in da na komawa miƙo, in ɗaure tun da wuri."

Hikimar wannan mataki gajeriya ce: in za a faɗi abin da ba shi ake nufi ba, ɗauke yatsa tukuna.

Mataki na bakwai: Koyi sakin buta

Kamfani zai ba ka littafin dokoki da Turanci. Nemi wanda zai fassara maka, ni malamin asibiti ya yi mini. Kada ka damu da farkon littafin, na masu ilimi ne. Riƙe na ƙarshe, inda mai rubutun ya gaji. Akwai doka biyu a can. Ta ɗaya, kayan da ruwa ya taɓa, wakili ya buɗe gaban babba a gwada a ga ko ya lalace. Ta biyu, kayan da ya lalace kamfani ba ya wahalar mayar da shi, a zubar nan inda yake.

To, lokacin alwala ne. Cika butarka. Maimakon ka miƙe zuwa ƙofa, bi ta gefen tebur. Kai tsoho ne, gwiwa ba ta da alkawari. Yi tuntuɓe da ƙafar kujera, ka ce "Subhanallahi" da ƙarfi, ka saki buta. Akwai gwaninta a nan. Ruwan ya jiƙa takardar waje da kusurwa ɗaya, kada ya kai ciki. Rubu'in buta ya isa.

Muntari ya dubi ƙunshin, ya dube ni, ya dubi kujerar, wadda ke taku uku daga inda na yi tuntuɓen. Ya ɗaga kai yana nazarin kwanon rufi kamar an rubuta masa wani abu a can.

"Baba, kayan nan ya jiƙe."

"Tsufa, ranka shi daɗe."

"Doka ta ce a gwada."

"Kai ka san doka. Mu bi ne namu."

Munka je munka yi salla tukuna. Ni dai na san abin da na nemi gafara a kai.

Mataki na takwas: Gwaji a bakin ƙofa ake yin sa

Kamfani ya ba ka injin awo, injin agogo, injin magana, bai ba ka abin jin kaset ba. Ari rakodar Lado mai shayi. Kada ka gwada cikin ofis. Ce ciki duhu, ka fito da benci bakin ƙofa, taku biyu daga bayan tsohuwa. Ƙure murya, don kunnenka ya fara nauyi. Kada ka kira ta. Kada ka dube ta. Kai aikin kamfani kake yi.

Na danna. Anka ji ƙugin manyan motoci, sai gyaran murya, sai sallama da Fillanci. Zinariya ta cusa bakin zane a baki.

Shi ne. Ya gai da Arɗo Labbo. Ya gai da baffanninsa ɗaya bayan ɗaya, har da biyu da sunka rasu bai sani ba. Ya gai da Goggo Zinariya, ya ce tabon ludayin da ta rotsa masa a kai yana nan. Ya ce motar ta kife da gaske, shanun sunka mutu, shi ya karye, ya yi jinya wata bakwai. Da ya warke, kunyar dawowa babu shanun mutane ta riƙe shi. Yanzu yana aiki a karar shanu ta Agege. Daga nan ya shiga tambayar garke, kowace saniya da sunanta. Wule ta haihu? Saye har yanzu tana harbi in za a tatse ta? Kusan rabin sa'a yaron nan na gai da shanu. Rabin kasuwa ya taru, Namadi na tsaye da igiyarsa, baki buɗe. Uwarsa kuwa bai ambace ta ba ko sau ɗaya. Shi ma ɗan gidan ne.

Dab da ƙarshe ya yi shiru, har na ɗauka batir ne. Sai ya ce, "An samu ƙaruwa. Mace, wata uku. An sa mata suna... an dai sa mata sunan mutanen gida. Ni ba ni iya kiran ta. Inna Ƙarama muka ce mata." Anka ji motsi, sai kukan jaririya, mai ƙarfi, irin na masu gardama. Kaset ya ƙare, maɓalli ya ɗago da kansa, ƙas.

 Na saci kallon Hamsatu. Bayanta a miƙe kamar sanda. Furar da take dama wa wani bawan Allah ta zama ruwa tuntuni, ludayi na ta zagayawa, shi kuma ya tsaya da hannu a miƙe.

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Kaɗo."

"Na'am, Inna."

"Gwaji ka ce kana yi?"

"Gwaji ne."

"Abin ga ai gefe biyu gare shi. Aikin kamfani ba a yin shi rabi."

Na juya kaset. Abin da ke gefe na biyu ba na kamfani ba ne, ba zan rubuta maka ba. Iyaka dai Muntari ya shige motarsa ya ɗaga gilashi, wai ƙura ta faɗa masa a ido. Da tsakiyar damina.

Mataki na tara: Cike takarda, bar na'ura da farin cikinta

Da ya fito ya zauna ya rubuta, yana danne biro yadda ya kamata: "Kaya ya lalace da ruwa, sakacin wakili. An zubar." Doka ba ta faɗi inda za a zubar ba. Na zubar da kaset da mayafi a cikin ƙwaryar Zinariya, tsohuwa na kallon wani wuri. Namadi ya tashi da la'asar babu na komawa. Gusau ta ce, "An rufe lamba, oba." Abin da na'ura ke so ke nan. Ba ruwanta da inda kaya ya kwana, lamba ce ba ta so a bari a buɗe.

Batun tituna kuwa, Muntari ya rubuta cewa ambaliya ta share su kakaf, a dakata da maganar reshe. Yaron nan zai yi nisa.

Bayan wata guda takardar gargaɗi ta iso mini, da umarnin a karɓe babur a kai wa wakilin Gummi, tun da ni ba a iya amince mini da ko buta. Na ɓata fuska gaban direba yadda ya dace. Wata kaza da ke kwanci ƙarƙashin babur ɗin ce kaɗai ta yi kuka da gaske. A watan ne kuma mujallar kamfani ta fito da hoton na'ura a bango, an rubuta cewa albarkacinta babu ƙunshi ɗaya da ya ɓace a jihar Sakkwato bana. In ka samu irin ta, liƙa a ofis. Tana toshe tsaga.

Wanke hannu

Abin da ka karanta ba da yawun kamfani anka rubuta ba, kuma in an tambaye ni ba da yawuna ba ne. In ka saki buta ta wuce rubu'i ka lalata kayan mutane, kai da gwiwarka. In sufetonka ya zamo ɗan auta, wanda uwarsa ke ƙwala wa kira tun daga bakin rijiya, Allah ya ba ka wata sana'ar. In an kore ka, ban taɓa ganin ka ba. In an kai ka gaban alƙali, tafi da tabarmarka.

Kuma kada ka zo aron rakodar Lado ran kasuwa, ba za ka samu ba. A littafin kamfani kaset ɗin nan ya lalace an zubar, ni ma haka na sa hannu. Sai dai akwai wata tsohuwa da ba ta yarda da aikinmu ba. Duk ran kasuwa takan zo da shi ƙulle a bakin sabon mayafi, ta ajiye kan teburin Lado ba tare da ta dube shi ba, ta zauna ta ba shi baya, ta ce a sake gwadawa. Mako talatin da ɗaya ke nan. Har yau ba ta gama tabbatarwa ba.